Dashbod ɗin da Amankwa Ya Ƙi Taɓawa

Da yammacin wata Alhamis Oduro ya fita gwada wata tsohuwar bas a hanyar Offinso. Aikin da ya saba ne. Shekara goma sha tara yana gyaran wayar mota a Suame, unguwar makanikai, kuma duk mai wannan sana'a ya san cewa ciwon da ke zuwa yana tafiya, ba a tabbatar an kashe shi sai an hau titi.

Motar ta Maame Pokuaa ce, mai kai ayaba da rogo kasuwa. Matsalarta ɗaya. Ana cikin tafiya sai alluran dashbod su faɗi gaba ɗaya, ta mai, ta zafin inji, har da ta maleji. Can kuma su miƙe kamar ba su yi komai ba. Sau ɗaya inji ya kusa ƙonewa direba bai sani ba.

Ba wurin Oduro ta fara zuwa ba, wannan kuwa shi ya fi ci masa rai. Rumfar Amankwa ta nufa, wadda fallen kwano ɗaya ya raba da tasa. A hannun maigida ɗaya suka koyi aiki, rana ɗaya aka yaye su. Amma yau direbobin tasha layi suke yi a ƙofar Amankwa, Oduro kuwa na zaune yana korar ƙuda daga kwanon fufunsa. In aka ƙwala "Masta!" a layin nan ko waiwaye ba ya yi, ya san ba shi ake nufi ba. Hassada ce tsagwaronta, kuma ta daɗe tana cinsa.

Ta hujin fallen kwanon ya ji hirar Amankwa da Maame da safe.

"Maame, dashbod ɗin nan ba na motar nan ba ne," in ji Amankwa. "Ina aka samo shi?"

"Direbana ya saya wurin masu farke motocin hatsari."

"An zuba wa mai shi barasa? An kira sunansa an ce ya saki?"

Maame ta girgiza kai.

"To ni ba na taɓawa. A nemo danginsa tukuna."

Haka ake yi. Abin da aka ciro daga motar da ta kashe direbanta, sai an zuba barasa a ƙasa an sallami mamacin kafin a ɗaura wa wata. Oduro ya san wannan sarai. Amma abin da kunnensa ya ji daban ne: ga aikin da ya gagari Amankwa.

Ya tare ta tun kafin ta bar layin. "Maame, kawo nan. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa ne ke ɓuya a bayan matattu."

"Kai Oduro, bakinka ya fi hannunka sauri."

"Ki ba ni zuwa yamma kawai, ki ga wanda ya fi sauri."

A gaskiya ya iya aiki, kada a zalunce shi. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji. Ya kwance dashbod, ya goge bakin soket da ya yi kore, ya sake ɗiga dalma inda ta tsage. Ya tada inji ya dinga jijjiga wayoyi yana kallon allurai. Da ya taɓa wata baƙar waya da ke ɗaure a jikin bodi, duk suka faɗi. Ya saki, suka tashi. Tsatsa ce ta cinye ƙarƙashin notin. Ya kankare, ya ɗaure tamau, ya fashe da dariya.

"Masta! Zo ka ga fatalwarka, tsatsa ce!"

Ashe Amankwa ya riga ya rufe rumfa ya kama hanyar gida a 'yar farar motarsa. Gidan nasa kuwa a hanyar Offinso yake. Shi ya sa Oduro ya zaɓi hanyar. So yake ya danna masa ham a ƙofar gida, matarsa da maƙwabta su fito su gani.

Rana ta yi ja. Gidaje suka ragu, gonakin koko suka soma. Bas ɗin na warin ruɓaɓɓiyar ayaba da tsohon gas. Allurai uku tsaye ƙyam. Oduro na ta yin fito.

Sai suka faɗi.

Ya yi tsaki, ya mari saman dashbod. Suka tashi. Amma allurar mai ta haye har cikakken tanki, alhali kwata ya bari. Maleji ya nuna tamanin. Shi kuwa ko arba'in bai kai ba.

Ya miƙa hannu ƙarƙashi ya fizge soket ɗin gaba ɗaya. Wuta ba ta da hanyar shiga yanzu.

Allurar ta matsa casa'in.

Warin ayaba ya ɗauke. Wani ya maye gurbinsa, warin birki da ya ƙone, da ɗanyen jini. Kujerar gefe ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi in mutum mai nauyi ya gyara zama.

Bai waiwaya ba.

"Agogon motata ne," aka ce, can ƙasa-ƙasa, daf da kunnensa. "Wa ya ce na gama da shi?"

Oduro ya ce, "Kawu, yi haƙuri. Gyara kawai na yi."

"Saura kaɗan na wuce wancan direban. Kullum shi ne gaba, kullum shi ke kwashe fasinja. Saura kaɗan."

Wani hannu mai sanyi ya sauka a gwiwarsa ta dama. Ya danna. Totur ya nutse, inji ya yi kuka, gudun motar ya fara bin allura.

Sittin. Saba'in.

Can gaba, jajayen fitilu biyu. Farar mota ƙarama, tana tafiya a hankali.

"Kai ma akwai wanda ke gabanka," muryar ta ce. "Na ji warinsa a jikinka tun safe."

"Sake ni, Kawu."

"Ga shi nan. Hanya ba ta ɗaukar biyu. Ture shi."

Tamanin. Ya gane lambar motar. Ya hango ƙeyar Amankwa ta gilashin baya. Kwana na gabansu, rami a hagu.

Hannun nan mai sanyi ya ɗaga.

Motar ba ta rage gudu ba.

Numfashi ɗaya. Biyu. Uku. Fitilun suka cika masa ido.

Ya yi ihu, ya murɗe sitiyari dama. Bas ta tsallake kwata, ta kutsa gonar koko, rassa na dukan gilashi, ta daki kututture ta tsaya. Shiru. Sai ruwan lagireto da ke tsiyaya, da wata doguwar ajiyar zuciya daga kujerar gefe.

Amankwa ne ya ja shi waje ta taga, yana kiran "Ɗan'uwa! Ɗan'uwa!" Shi ya kai shi asibiti, jinin Oduro ya ɓata masa kujera. Shi ya bi diddigi ya nemo dangin mamacin a wani ƙauye, aka zuba barasa, aka kira sunan, aka miƙa musu dashbod ɗin suka tafi da abinsu.

Oduro ya warke, sai ɗan ɗingishi. Layin ƙofar Amankwa ya ninka, don yanzu ba gwani kawai ake ce masa ba, har da mai gani har hanji. Kullum da safe yakan leƙo ya tambayi jikin Oduro, wani lokaci ya turo masa aikin da ya yi masa yawa. Oduro na karɓa yana godiya, abin na ƙona shi.

Duk wanda ya tambaya, Oduro yakan ba da labarin tiryan-tiryan: allurai, wari, murya, hannun da ya danne masa gwiwa. Mutane su jijjiga kai su ce Allah ya kiyaye, fatalwa ta so ɗaukar rai biyu.

Wuri ɗaya yake tsallakewa. Bai taɓa faɗa wa kowa cewa an ɗaga hannun tun kafin kwana ba. Numfashi ukun nan da totur ya zauna a ƙasa, ƙafarsa ce, ba wanda ya danna masa.