Akwati Na Huɗu

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar Laraba aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga jami'a, wai an fasa ofishin wata malama an yi sata. Insifeta ya tambaya ko kwamfuta aka ɗauka, aka ce masa a'a, takardu ne. Ya ja tsaki, ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya fito da mota. Shekararsa ashirin da biyu a aikin nan, kuma ya sani duk ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki takarda, to takardar ce ke hana shi barci.

Ofishin yana hawa na biyu, a sashen tattalin arzikin noma da muhalli. Ɗaki ne matsattse, tebur ɗaya, kujera biyu, sai doguwar kanta da aka jera akwatunan kwali a kai, kowanne da lambarsa. Tsakanin na uku da na biyar akwai giɓi. Mai ofishin, wadda kowa ke kira Dakta, tana tsaye jikin taga ta harɗe hannuwa.

Ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce shekara goma sha biyu tana bin ƙauyuka ashirin da bakwai na bakin kogi, tana auna yadda zaizayar ƙasa ke rage wa manoma amfanin gona. Akwatunan nan tara su ne takardun tambayoyin da aka cike a bakin manoman a shekarar farko, kuma a kansu ta gina littafin da ta miƙa don zama farfesa. Watan jiya wani ya aika wasiƙa ba suna, ya ce alƙaluman ƙauyuka uku na ƙetaren kogi ƙirƙirar su aka yi. Gobe ƙarfe goma kwamiti zai zauna, an ce ta zo da takardun asali. In ba ta kawo ba, ba ƙarin girma kaɗai za ta rasa ba, korar ta za a yi.

"Na ƙetaren kogin aka ɗauka?"

"Shi. Na huɗu."

"Kin san me mutane za su ce? Ke kika yi wa kanki sata."

"Sun riga sun fara faɗa, ranka ya daɗe. Tun daga matakala nake ji."

Ya tambaye ta wa ya je ƙetaren kogin a waccan shekara. Ta ce lokacin tana ɗaliba, su shida ne aka rarraba, ba za ta iya tunawa ba. Matar da ta zayyano masa ƙauyuka ashirin da bakwai ba ta yi tuntuɓe ba, wai ita ce ta manta mutum ɗaya. Insifeta ya ajiye wannan a aljihu.

Ya tsuguna bakin ƙofa. An farfasa katakon da ƙarfe har ya tsage, amma harshen kubar yana kwance a ciki lafiya lau. Wato da makulli aka buɗe, fasawar ta ado ce.

Ofishin da ke kallon nata na wani malami ne da ake yi wa laƙabi da Malam Gyara, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Shi ma yana harin kujerar farfesan. Da farko ya rantse bai san da wata wasiƙa ba. Insifeta ya karanto masa layi biyu daga kwafinta da Dakta ta ba shi, da gangan ya karanta wata kalma ba daidai ba. Bakin Malam Gyara ya riga hankalinsa, ya gyara kalmar. Sai ya yi tsuru-tsuru.

Ya amsa shi ya rubuta. Ya ce wani direban sashe da ya yi ritaya ne ya gaya masa a waccan shekara ambaliya ta cinye gadar kogin, wata uku ba motar da ta ƙetara.

"To ni me zai sa in sace akwatin?" in ji shi. "Ni so nake a buɗe shi a gaban kowa."

Mutumin bai kwanta wa Insifeta a rai ba ko kaɗan, amma maganarsa ta zauna.

A ofishin sakatariya makullan sashen suna rataye a allo, kowanne a ƙusarsa. Ta ce ba mai taɓa su sai ita. Insifeta ya nuna mata makullin ofishin Dakta rataye a ƙusar ɗakin taro, ya tambaye ta ko ita ma takan yi wannan kuskure. Ta sunkuyar da kai. Ta ce gaskiya in za ta fita cin abincin rana ba ta kulle ƙofa, saboda manya sukan shigo ɗaukar wasiƙunsu, kuma wa ya isa ya tambayi manya.

Suna cikin haka sai ga wani dattijo ya shigo, gashi fari fat, fara'a har kunne. Sakatariya ta miƙe. Farfesa ke nan, wanda ya kafa sashen, shi ya koyar da Dakta tun tana aji ɗaya. Ya riƙe hannun Insifeta da hannu biyu, ya roƙe shi don Allah ya taimaki 'yarsa, yarinyar ba ta da mugun hali. Saje ya sa baki ya ce ai takardun za su kai rabin buhu, ba za su ɓuya ba.

Farfesa ya yi dariya, ya kaɗa masa yatsa. "Buhu ba ma'auni ba ne, ɗana. Wane buhu? Na wa? Ka ce kilo nawa."

Bayan ya fita sakatariya ta ce a hankali shi ya sa ɗalibai ke ce masa Baba Kilo. Duk wanda ya rubuta buhu a jarrabawa ya faɗi. Ta ƙara da cewa shi ne kuma ya hana ƙona ko da takardar tsire ce a harabar sashen, shekara talatin ke nan, saboda hayaƙi.

Ƙarfe biyu ta wuce, kuma Insifeta ba shi da komai a hannu sai zato. Ya koma ofishin Dakta, ya sa Saje ya janye kantar daga bango. Tsakanin ƙura da yanar gizo-gizo ga takardu biyu da suka zame ta tsagar akwatin, kowacce da lamba huɗu a goshinta.

Ya shimfiɗa su a tebur, ya zaro wasu daga akwati na biyar ya ajiye a gefe. Na biyar duk sun yi daƙal-daƙal, ga shatin yatsa, ga tabon ruwa. A gefen kowace amsa mai tambaya ya fara rubuta abin da manomin ya faɗa da bakinsa, buhu shida da rabi, dami arba'in ban da wanda tsuntsu ya ci, sannan daga baya aka mayar kilo da jan biro. Takardu biyun nan kuwa fes suke kamar yau aka buga su. Kilo ɗari shida da arba'in. Hekta biyu da ɗigo huɗu. Gefensu babu ko ɗigon tawada.

Insifeta ya ƙura musu ido. Shi ɗan manomi ne, a gona ya yi wayo. Tsohonsa har ya koma ga Allah bai taɓa sanin nauyin hatsinsa a kilo ba, kuma da za ka tambaye shi faɗin gonarsa, cewa zai yi daga bishiyar can zuwa kwazazzabo.

Ya juya takardun ya tura gaban Dakta. "Wane manomi ne ya taɓa ba ki amsa da kilo?"

Ta daɗe tana kallon su. Ta ce ba ta taɓa buɗe akwatin ba, a kwamfuta aka ba ta alƙaluman, an riga an shigar.

"Wa ya ba ki?"

Ta kawar da kai gefe.

"Dakta, saura awa ashirin a kore ki. Rubutun wa ne?"

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Na Baba ne."

Farfesa yana ofishinsa yana gyara takardun ɗalibai suka shiga, Dakta a bayansu. Ya tarbe su da fara'ar nan tasa. Insifeta ya ajiye takardu biyun a kan teburinsa, ya tambaye shi ta wace hanya ya ƙetara kogin a shekarar ambaliya. Ya ce da kwalekwale. Ya tambaye shi sunan manomi ko ɗaya da ya zauna da shi. Ya ce shekaru sun ja.

"To manoman ƙetaren, duk ɗalibanka ne? Na ga su kaɗai ne ba sa cewa buhu."

Fara'ar ta gushe. Farfesa ya cire tabarau ya ajiye.

Ya yi magana kansa a ƙasa. Gada ta karye, wa'adin miƙa rahoto saura mako biyu, kuma a kan rahoton nan nasa ƙarin girman ya rataya. Sai ya zauna a teburin cin abinci na gidansa kwana huɗu, ya cike takarda ɗari da tamanin da hannunsa. Ya ce ya san ƙasar yankin sarai, abin da ya rubuta bai yi nisa da gaskiya ba. Jiya da rana ya ɗauki makulli, da aka tashi aiki ya dawo ya fitar da akwatin.

"Ita kuma gobe a kore ta?"

"Da na roƙa mata sassauci. Ana jin maganata."

Ran Insifeta ya ɓaci ƙwarai, amma ya danne. Ya tambaye shi ina ya ƙona takardun. Dattijon ya ɗago da sauri, kamar an zage shi.

"Ƙonawa? Ni?"

Suna bayan motarsa, a but, an lulluɓe su da tsohon bargo. Ya ce ya kai su har bayan gari da ashana a aljihu, ya tsaya ya kasa. Saje ya fito da akwatin ya dire a ƙasa, malamai da ɗalibai sun yi cirko-cirko a baranda suna kallo.

Dakta ta sunkuya ta ɗauke shi da kanta. Akwatin zai wanke ta a gaban kwamiti, kuma shi ne zai rushe mata babi uku na littafinta, kujerar farfesan ma sai wani jiƙon. Ta san wannan, Insifeta ma ya ga ta sani.

Saje ya buɗe ƙofar motar 'yan sanda. Dattijon ya sa ƙafa ɗaya, ya waiwayo.

"'Yata, ki cire ƙauyuka ukun ki sake lissafi. Sakamakonki zai tsaya, na tabbata."

Tun tana 'yar shekara goma sha tara take ce masa Baba. Ta gyara riƙon akwatin a ƙirjinta.

"Na san aikina, Farfesa," ta ce, ta juya ta hau matakala.