Hoton da Ke Daskarewa da Magariba

Rana ta yi ƙasa, inuwar gidan maƙwabta ta haura tagar falo, lokacin da Nas ta buɗe kwamfutarta ta cinya a kan teburin cin abinci. Ta tsufa a aikin jinya, shi ya sa sunan ya bi ta har gida. Lokacin kiran babban ɗanta ne, wanda ke karatu a wata ƙasa mai nisa. Ƙanwarsa Auta ta jawo kujera ta zauna kusa.

Kiran ya shigo. Ya ce, "Mama," sai fuskarsa ta watse, ta koma dabbare-dabbare kamar hoton da ruwa ya jiƙa. Wata 'yar da'ira ta hau juyawa a tsakiyar allon, ta yi ta juyawa har aka kira salla. Haka aka yi jiya, haka aka yi shekaranjiya. Rabonta da ganin idon ɗanta sosai, har ta fara mantawa.

Nas ba ta yarda abu yana lalacewa don kansa ba. Telan da shagonsa ke jingine da katangarsu ta fara zargi, domin ta sha ganinsa yana dariya shi kaɗai da waya a hannu. Ta sauya lambar sirrin intanet ɗin. Bai sauya komai ba. Ta koma kan Auta, ta karɓe wayarta ta kulle a durowa, yarinyar na rantsuwa ba fim take kallo ba. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ta rufe duk shafukan da ke buɗe, ta ɗauke ta ta kai har ƙarƙashin akwatin intanet ɗin, wanda ke cikin wani tsohon alkuki, ramin ajiye fitila a bangon baranda. Sandunan sabis a cike suke, hoton kuwa a daskare.

Mai gyara ya zo da hantsi, shi da ya ɓalle katakon da ya toshe alkukin ya kafa akwatin tun farko. Ya gwada, ya kyaɓe baki.

"Hajiya, intanet ɗin nan ya fi ni lafiya. Da magariba ne kowa ke hawa layi."

"Kowa a kan layina yake hawa?"

Ya yi dariya ya tafi. Ta bi bayansa da kallo, shi ma ta sa shi cikin waɗanda ba ta yarda da su ba. Ta san zazzaɓin da ke ɓuya idan likita ya shigo. Akwai kuma wani zargin a can ƙasa da ba ta taɓa furtawa ba: yaron ya daina juya wayarsa ya nuna mata ɗakinsa.

Daga nan tsakuwa ta fara sauka a rufin gidan, ɗaya bayan ɗaya, da zarar rana ta faɗi. Ta fita, babu kowa, tela ma ya rufe shago. Da ta dawo sai ta tarar an juya akwatin, 'yan fitilunsa suna kallon bango. Alkukin ya fi ƙarfin tsawon Auta.

Ran nan da magariba kiran ya shigo ya daskare kamar kullum. Nas ta juya za ta yi mita, sai ta ga Auta tsaye da kofin shayi, ƙafa ɗaya a gaba, baki a ɗan buɗe, ko ƙifta ido ba ta yi. Tururi na tashi daga kofin, ita kuwa kamar an zana ta. Can bakin ya motsa, murya ta fito a gutsure, kuma ta yayanta ce.

"Ma... Mama... kina ji... kina ji na?"

Washegari da la'asar wata maƙwabciya ta kawo wani dattijon malami da ya saba da irin wannan aiki. Bai tambayi komai ba. Ya bi barandar a hankali, ya tsaya ƙarƙashin alkukin ya daɗe, sannan ya zauna gaban Auta ya fara karatu. Duhu na shigowa falon kaɗan-kaɗan. Yarinyar ta sandare, kanta ya karkace gefe.

"Wane ne kai?" in ji malamin.

"Mai alkuki." Muryar tsoho ce, a shaƙe, daga bakin Auta. "Ina ciki tun kafin a shafe bangon nan. Aka ɓalle mini ƙofa, aka kawo mini baƙon da ba ya barci. Maganar duniya duk ta ƙirjina take bi."

"An ɓata maka, gaskiya ne. Yarinyar me ta yi?"

"Na yi jifa, ba a ji ba. Na juya shi, aka juyo. Da wane baki zan yi magana?"

Nas ta tsinci kanta tana magana, ko da yake malamin ya ɗaga mata hannu. "To hoton ɗana fa? Me ya sa kake riƙe shi?"

Kan Auta ya juyo gare ta a hankali. "Shi ya roƙa. Kullum kafin ki ɗauka ina jinsa yana cewa, Allah ya sa kada ta gani. Maƙwabtaka ce, sai na taimaka."



"Ba kai ya roƙa ba," in ji malamin. "Za ka saki yarinyar nan yanzu."

"A fitar da baƙon, a mayar mini da katakona."

"Za a mayar. Kai kuma ba ka ƙara taɓa kowa, ba ka ƙara shiga zancen da ba naka ba."

"Na ji. Amma ki sani, uwar gida, abin da na rufe zai buɗe. Idan kina so, a bar shi nan in ci gaba da riƙewa."

Nas ta dubi 'yarta, ta dubi kwamfutar. "A fitar da shi," ta ce.

Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta tana tambayar me ya faru. Malamin da kansa ya hau kujera ya sauko da akwatin, ya mayar da katakon, ya yi sallama.

Nas ta jona akwatin a kan teburin, ta kira. Babu da'ira. Hoton ya fito tas, har tana iya ganin jijiyar wuyansa. Ya rame. Labulen da ke bayansa mai ratsin shuɗi ne, irin wanda ta yi rayuwarta tana ja tsakanin gado da gado. A bayan hannunsa akwai filasta, da siririyar roba tana haurawa sama.

Ya yi murmushi, yana jiran fuskarsa ta watse. Ba ta watse ba. Ya sauke hannun ƙasa a hankali.

"Mama, yau kina gani na sosai?"

"Ina ganinka," ta ce, ta gyara zaman tabaranta. "Ɗago hannun nan. Juya mini jakar ruwan in ga abin da suke ba ka."