Teburin da Ya Maƙale a Ƙofa

Teburin ya maƙale a ƙofar falo, ya ƙi shiga, ya ƙi fita. Masu dako suka sauka neman abin kwance ƙyaure, suka bar Auta a ciki, ita da mutumin da take gudun gani.

"Auta..." in ji Injiniya.

"Kar ka jingina da shi, man bai gama bushewa ba."

Da ita ya so ya aura. Mamansa ta ce ba za ta haɗa zuri'a da 'yar kafinta mai yini cikin garin katako ba. Ya ce ta ba shi lokaci. Lokacin ne ya ƙare da sa masa rana da 'yar ƙawar Mama.

Amaryar da kanta ta zo shagon Baba, tana murmushi, ta ce teburin cin abinci take so, kuma hannun Auta take so a kai. Baba ya karɓi aikin kafin Auta ta buɗe baki. Tunda hannunsa ya fara rawa ita ke riƙe da shagon, ina za ta ce a'a?

Teburin falle ɗaya ne na ƙaton itace, gefensa a karkace yadda ya tsiro. Ita ta ɓare ɓawon, ta cike tsagar da ke tsakiya, ta yi ta gugarsa har yatsunta suka yi kanta. Tana guga tana lissafin inda Injiniya zai zauna, da inda matarsa za ta zauna.

"Wallahi ban san ke ta ba aikin ba," ya ce.

"Yanzu ka sani."

"Masoyiyata, ba na iya barci. Ko abinci..."

"To ga tebur, sai ka dinga ci."

Ta so ta yi dariya, hawaye suka riga ta. Ta juya wajen taga, tagar ma sandunan ƙarfe ne a jikinta, ba hanyar fita.

Ya matso. "Ki ce in fasa auren, in fasa."

"Ni zan ce? Ni kullum nake faɗa, kai kake ji ka yi shiru." Ta share ido da bakin mayafi. "Ga Mama da amaryarka nan suna hawowa. In da gaske kake, ka faɗa a gabansu."

Aka kwance ƙyauren, aka turo teburin ciki. Mama ta shigo, amarya na biye da ita.

"Lafiya na gan ku cirko-cirko?" in ji Mama.

Auta ta dube shi. Ya buɗe baki, ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, Mama," ya ce. "Aikin muke dubawa."

Amarya ta shafa gefen katakon. "Kai, hannunki da kyau."

"Na gode. Kar a ɗora masa tukunya mai zafi."

Ta ɗauki jakar kayan aikinta, ta raɓa ta gefensa ta fita. Har ta kai ƙasan bene tana saurare, bai kira ta ba.