Ƙwallo a Bayan Riga

"Wa ya yi min wannan aikin?"

Matata ba ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Na juya rigar barcina na nuna mata. Aljihu ne a tsakiyar baya, da ƙwallon roba a ciki, an ɗinke bakinsa ruf.

Ta ce ita ce, don kada in riƙa kwanciya rigingine. Wai in na kwanta haka sai munsharina ya yanke, ƙirjina ya yi ta kokawa babu iska, can sai in zabura kamar wanda aka shaƙe. Ta ce mu je asibiti.

Na ce munshari gadon gidanmu ne, na Baba har maƙwabta ke ji.

"Yau ina Baban yake?" ta ce.

Na yi jifa da rigar na fice.

Tsoro ne, ba fushi ba. Motar ma'aikata nake ja. Kullum da ciwon kai nake tashi, kuma ba sau ɗaya ba hon ne ke farkar da ni a danja. In likita ya ce ciwo ne, makulli za a karɓe. Ni kuwa ban iya komai ba sai sitiyari.

Gidan Mama na nufa in kai ƙara. Na zaci zancen ƙwallon zai ba ta dariya. Sai ta ƙura wa doguwar kujerar Baba ido.

Ta ce ranar da ya rasu, a kanta ya miƙe da rana bayan ya dawo aiki. Yana ta munshari, sai ya yi tsit.

"Daɗi na ji, ɗana... Na ce yau dai ya samu barcin kirki. Har na hana ƙannenka surutu, na ja masa ƙofa."

Na tashi na yi mata sallama.

Da la'asar na koma gida. Na tarar da matata ta kifa kai a kan keke, barci ya sace ta, almakashi a hannu. Tun yaushe rabonta da barcin dare? Ɗayan hannun yana kan cikinta, wanda ya fara tasowa.

Na zare almakashin a hankali. Ta farka a firgice, ta kai tafinta hancina tun kafin ta gama buɗe ido. Ashe hannun ya saba.

"Ina numfashi, Tela," na ce.

Ta fashe da kuka.

"Shirunka nake tsoro, nawan. Ka yi ta munshari har rufi ya faɗo, ban damu ba. Shirun ne..."

Washegari da kaina na miƙa wa ogana makulli. Ya ce in dawo in likita ya yarda.

A asibiti aka ce maƙogwarona ke toshewa in na yi barci. Dole in rage ƙiba, in bar sigari, in riƙa kwana da na'ura mai hura iska ta hanci. Kafin ta samu, likita ya ce a ci gaba da ƙwallon.

Da dare na ɗauko rigar na saka. Ƙwallon ya tokare min baya. Na juya gefe, ina fuskantarta.

Ta ɗora tafinta a ƙirjina, wai gadi za ta yi. Ban gama addu'a ba na ji hannun ya saki.