Takunkumi Mai Taga

"Ba zan bayar ba!"

Malamar ajin kurame ta damƙe mukullin ajinta a tafin hannu, idonta cikin na Mataimakin shugaban makaranta. Sauran malaman da ke ɗakin malamai suka juyo suna kallonsu.

"Malama, ki fahimce ni," in ji shi. "Litinin ake buɗe makarantu, doka kuma ta ce kowa da takunkumi. Yaranki motsin leɓenki suke karantawa. Kin rufe baki, me ya rage?"

"Akwai hannu."

"Su nawa suka ƙware a maganar hannun? Ajin nan za mu mai da shi ɗakin keɓe duk wanda ya yi zazzaɓi. Ke kuma..." ya sassauta murya, "na sa an kai miki tebur ofishina. Kusa da ni."

Oho! Biri ya yi kama da mutum. Wannan ne fa mutumin da ke zarya gidansu da ledar lemo yana gaida Goggonta, alhali ta sha gaya masa zuciyarta na da mai ita.

"Wata bakwai suna zaune a gida," ta ce cikin takaici. "Sauran yara an yi musu darasi ta rediyo. Rediyo fa! Nawa goma sha ɗaya me suka samu? Yanzu kowa zai dawo, su kaɗai za a ce su ci gaba da zama?"

Ya yi dariyar rainin hankali.

"To, in kin iya rufe bakinki kuma a gan shi, ajin naki ne."

"Da bakinka ka faɗa. Malamai, ku shaida!"

Ta saɓa jakarta ta fita.

Ba ta zame ko'ina ba sai shagon Tela, mutumin da shekara biyu ke nan take so, Goggo na ƙi. Tun da annoba ta shigo ya ajiye ɗinkin riguna, takunkumi kawai yake yi. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta zayyana masa komai, hawaye na jiƙa ƙyallen fuskarta.

"Haba Malamata, ke da kika tsaya wa Mataimaki, a nan za ki karye min?"

"Ni fa ban san yadda zan yi ba... cika baki kawai na yi."

Ya ɗauko wani takunkumi, ya zuba masa ido, sannan ya sa almakashi ya huda tsakiyarsa.

"Taga za mu yi masa."

Faɗa da baki sauƙi gare shi! Na farko da robar bangon littafi, irin wadda ake hango abin da ke bayanta, ya yi, tana jan numfashi robar ta manne mata a leɓe. Na biyu ya sa siririyar waya ta ɗaga robar daga fuska, amma kalma uku ta yi hucin bakinta ya dusashe tagar. Na biyar ya kusa shaƙe ta. Kullum da hantsi tana bakin shagon, shi yana ciki yana miƙo mata a kan dogon ma'aunin katako don kada su kusanci juna.

"Sake gwadawa, hasken idona. Ce wani abu."

"Me zan ce?"

"Ce kina sona, in gani ko tagar na aiki."

"Allah ya shirye ka!"

"Na gani sarai, kuma ba abin da zuciyarki ta ce ke nan ba."

Sai a na tara aka dace. Ya shafa wa robar sabulu ya goge da busasshen ƙyalle, ta yi magana har ta gaji, tagar na nan garau. Ranar Asabar ya miƙo mata guda goma sha huɗu.

"Sha ɗaya na yara, ɗaya nawa. Biyun fa?"

"Ɗaya ki ajiye. Ɗayan na Goggo ne."

"Goggo? Kana so ta ƙona shi ke nan."

"Ki dai kai. Kuma in za ki shiga wajen Baba, ki shiga da naki."

Ba ta tambayi dalili ba, don murna ta cika ta.

A gida kuwa wuta ta tarar. Mataimaki ya riga ta, ya kai wa Goggo labarin kwana biyar ɗin da ta yi tana zarya shagon Tela, har da ƙarin gishiri. Goggo, ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ita ke jinyar Baba da ciwon ƙirjinsa. Tun farkon annoba ta kafa doka: ba mai shiga ɗakinsa sai da takunkumi. Tun daga lokacin Baba ya koma shiru. A gaishe shi ya gyaɗa kai, a tambaye shi ya gyaɗa kai. Kowa ya ɗauka ciwon ne ya ci ƙarfinsa.

"Auta! Ashe shagon telan nan kike yini, inda kowane kare da doki ke shiga?"

"A bakin ƙofa nake tsayawa, Goggo."

"Rufe min baki! Mutum mai mutunci ya ba ki ofis, ke kaɗai, ba cunkoso, kin ƙi. So kike ki kwaso mana cuta ki ƙarasa ubanki?"

Maganar ta soke ta, don ita ma tsoron na cikin ranta. Amma ta haɗiye kukan.

"Zan wanke hannu, zan sauya kaya kafin in shigo, zan yi duk abin da likita ya ce. Amma ajin nan sai na buɗe shi. Shi kuma Mataimaki, wallahi ko shi kaɗai ya rage ba na so!"

"To zaɓi: ko ajin da telan, ko gidan nan. Kika fita Litinin, kada ki dawo."

Litinin da safe Auta ta haɗa kayanta a ƙaramar jaka. Ta ɗaura mai taga, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Baba. Ta san gyaɗa kai kawai zai yi, amma ba za ta tafi ba sallama ba.

"Baba, ina kwana. Zan tafi makaranta... ka yafe min."

Baba ya ƙura wa bakinta ido. Ya yunƙura ya gyara zama.

"In yafe miki me, Auta?"

Jakar ta suɓuce daga hannunta. Goggo da ke bayanta da kofin magani ta daskare.

"Baba... ka ji ni?"

"Na gan ki dai." Idonsa ya kawo ruwa. "Shekara huɗu ke nan kunnuwan nan sun tafi. Bakinku nake kallo in gane, kunya ta hana ni faɗa. Da kuka rufe fuska sai kuka rufe ni ni kaɗai a ɗakin nan. Wa ya yi wannan abin?"

"Tela ne, Baba."

"Shi kaɗai ya gano ni. Bara da ya zo gaishe ni, ya lura inda idona yake, sai ya juyo da fuskarsa wajen haske yana magana a hankali. Bai tona min asiri ba."

Goggo ta zauna daɓas a ƙasa.

"Yaya! Wata bakwai ina ta zuba maka magana... ashe..."

Baba bai ko juyo ba, don bai san tana magana ba. Auta ta buɗe jaka ta miƙa mata nata. Goggo ta sauya takunkuminta, ta matso inda zai gan ta.

"Yaya, ni ce."

"Na sani, sarkin faɗa. Na yi kewar masifarki."

Goggo ta fashe da kuka, tana dariya a ciki.

Da Auta ta ba shi labarin ajin da sharaɗin Goggo, sai ya ɗaga hannu.

"Yara goma sha ɗaya na cikin irin ɗakin da na zauna, ke kina nan durƙushe? Tashi! Ki dawo gidanku da yamma, ki yi wanka, ki tsaya nan bakin ƙofa ki ba ni labari. Shi kuma yaron nan ki ce ya turo manyansa. Amma kowa ya zo da mai taga, ina so in san me ake cewa a auren 'yata."

Mataimaki na tsaye a ƙofar ajin da sabon kwaɗo a hannu lokacin da ta iso. Ya dubi fuskarta, ya dubi malaman da suka shaida. Ta yi masa murmushi, kuma ya gan shi sarai. Sum-sum ya wuce.

Yara suka zauna nesa-nesa da juna, kowa da tagarsa.

"Sannunku da dawowa," ta ce a hankali.

Hannu goma sha ɗaya suka tashi sama a tare.

Can bayan shingen makaranta, inda aka hana baƙi wucewa, Tela na tsaye cikin rana yana leƙe. Ta matsa jikin tagar aji, ta fuskanci haske, ta motsa leɓenta ba tare da sauti ba.

"Baba ya ce ka turo."

Ya dafe ƙirji. Ya yi mata alama da yatsa ta sake faɗa.

Ta san ya gane tun farko. Ta sake faɗa masa duk da haka.