Jan Fenti a Kan Turaku

"Wannan ke ce, ko ba ke ba ce?"

Baba ya miƙo mata wayarsa. Auta ta duba hoton. Ita ce kuwa, a sahun gaba na ɗalibai, ta ɗaga kwali sama.

"Ni ce, Baba."

"Ke ce! Injiniyan kamfaninmu da kansa ya kira ni ofis ya nuna min. Ya ce, 'Direba, wannan ba 'yarka ba ce?' Shekara ashirin da biyu ina tuƙa katafila a kamfanin nan, ban taɓa jin kunya irin ta yau ba!"

Jami'a ce ta sayar da gonar gwajinta, za a gina shaguna a wurin. Kamfanin su Baba aka ba aikin share ta. Sati uku ke nan ɗalibai suna zaman dirshan a bakin gonar, sun hana kowa shiga.

"Wata uku ya rage ki gama, Mamana. Wata uku! A zuri'armu kaf ke kika fara taka jami'a. In suka kore ki, ina zan sa kaina?"

"Baba, gonar nan fa..."

"Gonar ce," Umma ta katse ta daga bakin ƙofa, "ko yaron nan mai takalmin roba?"

Auta ta sunkuyar da kai.

Yaron, Sarkin Noma ɗalibai suke ce masa don tsokana. Shekara huɗu yana haɗa wani irin masara mai jure fari a kusurwar gonar, kunya arba'in cif. Digirinsa na biyu gaba ɗaya a kan masarar nan yake. Yanzu ta yi goyo, saura sati biyar a cire. A tsakiyar kunyoyin ya fara ce wa Auta yana sonta, ya kuma yi alkawarin ranar da ya cire masarar zai turo manyansa gidansu.

Bayan kwana biyu Sarkin Noma ya kira ta a waya, cike da murna.

"Zinariyata, masu kamfanin sun sauko! Za su bar min kusurwata har in cire. Sun ce mu janye zaman, mu sa alama irin ta kamfani, direbobi su kauce."

"Da gaske? Wayyo Allah, na ji daɗi!"

"Sai dai ban san alamarsu ba, ban kuma yarda da Injiniyan nan ba. Tambayar mana Baba. Wa ya fi surukina sanin aikin?"

"Surukinka tun yanzu?"

"Saura sati biyar, yarinya. Ki fara sabawa."

Da safe ta sami Baba a tsakar gida yana ɗaure takalmin aiki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaya masa an sasanta, zanga-zanga ta ƙare.

"In an bar kusurwar," ya ce a hankali, "za ku daina zuwa wurin?"

"Za mu dinga gadinta dai, har a cire. Baba, wane launi ake shafa wa turke in ana son direba ya bar wuri?"

Ya daɗe yana jan igiyar takalmin. Bai ɗago ba.

"Ja," ya ce.

Ranar Asabar suka yini suna kafa turaku. Shi yana bugawa, ita tana bi da gwangwanin fenti. Ya ɗiga mata ja a karan hanci, ta bi shi da gudu cikin masara, abokansu suna ihu suna ce musu ango da amarya.

Litinin Baba ya tashi ya ce zazzaɓi yake ji, ba zai je aiki ba. Auta ta tafi jarrabawa. Ƙarfe sha ɗaya suna fitowa suka ji ƙarar inji daga wajen gona.

Da gudu suka isa. Babu kunya ko ɗaya. Jar ƙasa ce shimfiɗe, karan masara ya cakuɗe da laka a haƙoran katafila. Wani direba ne a kai, ya kashe injin yana kallonsu da mamaki.

Sarkin Noma ya cakumi rigar Injiniya. "Kun yi alkawari! Ga alama nan mun sa!"

Injiniya ya cire hannunsa, ya kakkaɓe rigar, ya yi murmushi.

"Fari a bari, ja a share. Ko leburan da ya fara aiki jiya ya san wannan. Ku kuka shafa ja da hannunku, samari. Mu aikinmu muka yi."

Ɗaya bayan ɗaya, idanu suka juyo kan Auta.

Ta ja da baya. Ta tuna yadda Baba ya ƙi ɗagowa. Ta san in ta ce shi ne, yau ɗaliban nan sai sun kai ƙofar gidansu.

"Wa ya ce miki ja?" Sarkin Noma ya tambaya. Muryarsa ta yi sanyi, kamar ba tasa ba.

"Ni... ni ce na ruɗe. Fari Baba ya ce min."

"Kin ruɗe? Ke da kike haddace sunan tsiro ɗari a yini? Launi biyu ne suka ruɗa ki?"

"Masoyina, don Allah..."

"Rantse Babanki fari ya ce."

Ta kawar da idonta daga nasa.

"An gaya min!" ya daka tsawa. "Tun farko an ce min, 'yar direban kamfani me take nema a cikinmu? Na ce ƙauna ce. Ashe 'yar leƙen asiri na ajiye a zuciyata! Shekara huɗu, Auta! Kina dariya kina shafa fentin, kin san kabarin aikina kike zanawa!"

"Wallahi ban sani ba!"

"Yanzu kin iya rantsuwa?"

Ya ɗauki ragowar gwangwanin da suka bari a gindin shinge, ya tuttule mata a kan takalma. Fentin ya gangara har tsakanin yatsunta.

"Ja a share, ko ba haka ba? To na share ki."

Babu wanda ya hana shi. Ƙawarta ma da suke zama benci ɗaya a aji juya baya ta yi.

A ƙafa ta koma gida. Baba yana zaune a kan benci, babu alamar zazzaɓi, wayarsa a hannu. Ya kalli ƙafafunta, ya kau da kai da sauri.

"Injiniya ya kira," ya ce. "An cire sunanki daga waɗanda za a kora. Tun farko cewa ya yi muddin kusurwar tana nan kuna nan, kuma sunayenku za su tafi wurin hukumar jami'a. Me kike so in yi, Mamana? In zuba ido?"

"Shi fa? Sunansa?"

Baba ya juya wayar a hannunsa.

"Baba, sunansa fa?"

"Ya cakumi Injiniya a gaban mutane... nasa ya riga ya tafi."

Umma ta toshe baki da mayafi. Auta ba ta yi kuka ba. Ta ɗebo ruwa a bokiti ta zauna tana gurzar ƙafarta da soso, fentin ya ƙi fita.

"Kin gaya musu ni ne?"

"Na ce ni ce."

Sai a lokacin hawaye ya zubo masa. Ya sauko daga bencin, ya tsuguna a gabanta kamar yaro.

"Ki yi min faɗa mana. Ki ce wani abu! Don ke na yi, wallahi don ke na yi..."

"Na sani, Baba. Na gode."

Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Ta kira lambarsa, ya katse. Ta sake kira, ya katse. A karo na uku wata murya ta ce mata ba za a iya samun mai wannan lambar ba. Ta kifa wayar, ta jawo littafin jarrabawar gobe ta buɗe, hawayenta yana ɗiga a kan shafin, tana jin Baba a bayan ƙofa yana kiran "Mamana" a hankali, ba ta amsa ba.