Ruwan Zafi a Gindin Motar Ƙasimu

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Malam Barau yana zaune kan buhu a rumfar bayan rumbu, da kan injin mota a tsakanin ƙafafunsa. Tsohon makanikin garejin hukumar En'e ne, duk Birnin Kudu an san hannunsa. Ya shafa wa bakin bawul, ƙarfen da ke toshe hanyar iska a injin, wani mai mai yashi-yashi, ya mayar da shi raminsa, ya manna masa guntun sanda mai roba a baki, yana murzawa da tafin hannu biyu kamar mace mai kaɗa miya da maburgi. In ya murza ya ɗaga, ya duba, ya sake murzawa, sai bakin ya zauna daidai yadda iska ba za ta sami hanya ba.

Motar tsohuwar Fijo ce ta ɗansa na fari, Ƙasimu, wanda yake jigilar 'yan kasuwa da ita zuwa Gwaram kafin sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara. Tun ranar ba a sake tayar da ita ba. Lokacin kuwa arzikin man fetur ya buɗe, kowa sabuwa yake hange, har maƙwabta na yi wa tsohon dariya. Oho! Shi ba hawa yake so ba. Ƙarar injin nan yake marmari, wadda da can in ta doso daga kan kwana, kowa a gidan ya san yaron ya dawo lafiya.

Da ya gama murzar ranar, ya kira 'yarsa Hapsatu ta kawo masa tafasasshen ruwa a bokiti, ya zuba omo ya wanke kan injin. Daga madafa matarsa Batulu ta ɗaga murya.

"Malam, magariba ta yi fa. Ka bar ruwan nan ya huce."

"To, na ji."

Bai ji ba. Hankalinsa yana can wajen ɗansa. Ya ɗaga bokitin ya sheƙa ruwan a ƙarƙashin motar, yana tururi, ba tare da ya ce bismillahi ba. Mutumin da ya yi furfura yana hana yara wannan ganganci, yau ga shi da hannunsa.

Wata 'yar ƙara ta fito daga ƙarƙashin motar, siririya, gajeriya. Ya ce a ransa ɗan kyanwa ne. Ya leƙa, bai ga komai ba sai jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce ke sauka kan kwanon rumfar, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kuma ba mai jifan. Bawul ɗin da ya jera a kan kwali, kowanne daura da raminsa don kada su cakuɗe, sai ya tarar an tattara su an naɗe a tsumma, an kwantar da ƙunshin a kujerar baya. Sai kuma muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana rarrashin yaro. Batulu ta daina tuƙa tuwon dare a waje.

Ana haka Hapsatu ta faɗi a bakin randa. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ba ta ci, ba ta magana, sai dai ta rungume hannuwanta a ƙirji tana jijjigawa. An kai ta asibiti, an yi allurai, a banza. Kullum sai ƙara zubewa take. Barau ya dube ta wata safiya ya ga irin ramar da ya gani a fuskar wanta Ƙasimu. Ita kaɗai ta rage musu a duniya.

Ya hau motar kasuwa ya tafi Sara, a ƙasar Gwaram, ya ɗauko Malam Badaru, wani dattijo mai ƙarancin magana da aka sani da irin wannan aiki. Bayan la'asar malamin ya zauna a gefen tabarmar yarinyar, ya yi ta karatu yana tofa mata, har inuwa ta cinye tsakar gida. Can sai Hapsatu ta tashi zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta babbar mace ce, wadda kuka ya dusashe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ta ɗauko ruwan. Shi ya zuba." Ta nuna Barau. "Tun da motar nan ta zama kango muke cikinta, ba mu taɓa cutar kowa ba. Da ya buɗe injin, na ɗauke jaririna na kwantar a inuwar ƙarƙashi. Da ya ambaci sunan Allah, ai da na ji na janye shi. Kalma ɗaya, Malam!"

"Ina yaron yanzu?"

"Ya rasu. Zan tafi da tasa."

Batulu ta ɗora hannu a ka tana salati. Malam Badaru ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Bai gan ku ba, kuma ba a ɗora wa wani laifin wani."

Barau ya matso da rarrafe, hawaye na bin gemunsa. "Baiwar Allah, ni na yi, ni za ki kama. Wallahi na san abin da kike ji. Ni ma na binne ɗa."



"Na sani," in ji muryar. "Sau nawa kana shiga ka zauna a kujerar direba kana kuka, ina bayanka ina jin ka? Har tausayinka nake ji."

Malamin ya ce a hankali, "To faɗi abin da za a yi miki, ban da rai."

"A ƙarƙashin motar na binne shi. Kada a gusar da ita. Kada a tayar da injin a kansa, har abada."

Malam Badaru ya juya ya dubi Barau. Saura kaɗan gyaran motar ya ƙare, da jibi war haka Barau ya ji ƙarar injin nan. Tsohon ya runtse ido, ya daɗe, kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Na yarda," ya ce. "Allah ne shaida."

"Allah ya ba ka haƙurin naka."

"Ke ma Allah ya ba ki."

Hapsatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta, gumi ya karyo mata. Da ta buɗe ido ta nemi ruwa, ta sha, sannan ta dubi hannun ubanta da baƙin mai bai gama fita ba.

"Baba, ka gama gyaran motar Yaya?"

"Na gama, 'yar nan."

Kafin a kira salla ya je rumfar shi kaɗai. Ya ɗora kan injin a mazauninsa bai ɗaure ko ƙusa ɗaya ba, ya sauke murfin gaban motar. Ƙunshin bawul ɗin yana nan a kujerar baya, ya bar shi yadda aka kwantar da shi. Ya yi sallama, ya tura ƙofar motar ya rufe a hankali don kada ta yi ƙara.